A Fara Auna Idon Kafin a Koya Masa Atisaye

Yaron da ya tashi a Gumbin Kure, ko a wani ƙauyen ƙasar Maiyama, zai iya kai shekara goma sha takwas bai san idonsa ba ya ganin nesa ba. A firamare gaba yake zama. A gona babu mai ce masa ya karanta ƙananan haruffa daga taku ashirin. Mutanen garinsu kuwa da tafiyarsu da launin rigarsu yake gane su tun kafin fuska ta bayyana, kuma a zatonsa kowa ma haka yake gani. Asiri kan tonu ne ranar da ya samu gurbin karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, ya makara zuwa lacca, bai samu kujera ba sai can baya. Malami na rubutu a allo, na kusa da shi na kwafewa, shi kuwa hazo kawai yake gani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san irin zaman wannan ɗalibi. Yana zamowa zuwa bakin kujera, ya tura haɓa gaba, ya ƙanƙance ido har goshi ya tattare. In abin ya faskara sai ya karkata ya leƙa littafin maƙwabcinsa. Da dare a ɗakin kwana, waya na dab da hancinsa, kai a sunkuye, kafaɗu sun tattaro gaba. Kafin zangon karatu ya ƙare ya soma kukan ciwon ƙeya da ciwon kai, ya sayi farasitamol, ya ɗora laifin a kan katifa ko zafin Afrilu.

Irin waɗannan matasa ne ake farauta da bidiyon atisayen ido da ke yawo a WhatsApp da TikTok da YouTube. Juya idonka dama da hagu, zana da'ira da shi, rufe shi da tafin hannu, kalli yatsa kusa sannan ka kalli nesa. Alkawarin da ake haɗawa da shi mai daɗin ji ne: gani zai gyaru, wuya zai miƙe, jiki zai daidaita, tabarau kuma a jefar. Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da muhimmanci shi ne akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar ce ke sayar da ƙaryar da aka lulluɓe a ciki. Ra'ayina a taƙaice: atisayen ido na da wurinsa, amma ga matashin da ba ya ganin nesa, babu abin da zai gyara masa zama da tsayuwa kamar ya ga duniya tangaran, kuma wannan aikin tabarau ne.

Bari mu fara da gaskiyar. Tsayuwar mutum a kan ƙafa biyu tukunya ce a kan duwatsun murhu uku. Na farko ido. Na biyu wasu 'yan bututu masu ruwa da ke can cikin kunne, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk lokacin da kai ya juya ko ya karkata. Na uku jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu da gaɓoɓi da wuya, masu kai rahoton inda kowace gaɓa take. Ko a sahun salla, mutumin da kake gani tsaye cak yana ɗan rangaji gaba da baya, jikinsa na gyara kansa ba tare da ya sani ba. Mai karatu na iya gwadawa yanzu, gani ya kori ji: ya tsaya kusa da bango, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya kafa ido a kan wani abu. Sannan ya rufe idon. Nan take zai ji idon sawu ya shiga aiki, ƙafa na rawa, hannu na neman bango. Likitoci sun daɗe da sanin haka. Gwajin tsayuwa da ido a rufe da suke yi wa majinyata har yau yana ɗauke da sunan Moritz Romberg, likitan jijiyoyi Bajamushe na ƙarni na 19.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda David Lee da Eric Aronson suka wallafa a 1974 daga Edinbara. Sun haɗa wani ɗaki wanda bangonsa ke motsi amma daɓensa na nan daram, suka tsayar da yara masu koyon tafiya a ciki. Da aka ɗan tura bangon, sai yaran suka yi tangaɗi, wasu suka faɗi, alhali ƙasan da suke tsaye a kai ko gezau ba ta yi ba. Ido ya ce ana motsi, ƙafa ta ce ba a yi, ƙwaƙwalwa ta gaskata ido. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ko dusashe wa mutum gani aka yi da gilashin da bai dace da shi ba, rangajinsa na ƙaruwa. Ke nan matashin da ke yawo da gani dishi-dishi yana tafiya ne da dutse guda a girgiɗe. Ƙuruciya ce ke rufa masa asiri, don kunnensa da ƙafarsa lafiyayyu ne, suna cike giɓin. Amma a kan gadar katako, ko kan kunyar fadama da magariba, ko bisa babur, giɓin na iya bayyana.

To ina atisaye ya shigo? Tun shekarun 1940 wasu likitoci biyu a Landan, Cawthorne da Cooksey, suka tsara motsin ido da kai ga mutanen da cikin kunnensu ya samu rauni suke fama da jiri. Har yau sashen gashi na asibitoci na amfani da jikokin wannan tsari. Mafi shahara shi ne majinyaci ya kafa ido a kan harafi guda a bango, yana juya kai dama da hagu ba tare da harafin ya kuɓuce masa ba. Abin da ake horarwa shi ne haɗin kan ido da kunne, wanda ke sa hoto ya tsaya wuri ɗaya ko da kai na motsi. Ga masu jirin kunne wannan magani ne tabbatacce. An kuma gwada shi a kan matasa masu lafiya: wani bincike da aka buga a 2011 a mujallar Gait & Posture ya samu ɗan ingantuwar tsayuwa bayan mako uku na irin wannan atisaye. Sai dai irin waɗannan bincike ƙanana ne, mutum 'yan gomomi, na 'yan makonni, kuma abin da ake aunawa shi ne ɗan rangajin da na'ura ke kamawa a ƙarƙashin ƙafa. Tsakanin wannan da a ce wuyan ɗalibi ya daina ciwo, ko ya daina tuntuɓe da dare, akwai tafiya.

Akwai kuma wata larura ta daban da atisaye ke yi wa aiki sosai, wato idanu biyu su kasa haɗuwa a kan abu na kusa. Mai wannan larura in ya daɗe yana karatu sai layuka su riƙa rabuwa biyu, kansa ya ɗauki ciwo. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2008 kan yara 221, kusan kashi 73 cikin ɗari na waɗanda aka horar a asibiti ƙarƙashin ƙwararre sun warke ko sun samu sauƙi sosai. Waɗanda aka bari da atisayen fensir a gida kuwa, wato irin wanda bidiyon waya ke koyarwa, kashi 43 ne, ba su yi wa waɗanda aka ba atisayen bogi nisa ba. Ko a inda atisaye ke aiki, sai an fara gano cutar, sannan wanda ya san aikin ya tsara shi.

Rashin ganin nesa kuwa ba daga kasalar tsoka yake zuwa ba. Ƙwayar idon ce ta yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya, sai hasken abin da ke nesa ya tattaru kafin ya isa tantanin gani da ke bayan ido. Ƙarin tsawon da bai wuce milimita ɗaya ba ya isa ya mayar da rubutun allo hazo. Tsokoki shida da ke juya kowane ido ba su da ikon rage wannan tsawo, ko an yini ana juya su. Gilashin tabarau ne ke karkatar da hasken ya sauka inda ya kamata.

An gwada ɗaya hanyar, kuma an daɗe ana gwadawa. William Bates, wani likitan ido a birnin New York, ya fitar da littafi a 1920 yana cewa gajiyar tsoka ce ke ɓata gani, kuma da rufe ido da tafin hannu da juya shi da shanya shi a rana za a rabu da tabarau. Kusan duk abin da ke cikin bidiyon yau daga wurinsa aka gado. Shekara ɗari ke nan ba a samu gwaji mai inganci da ya tabbatar da iƙirarinsa ba, shawarar kallon rana kuwa tana iya ƙona tantanin gani ƙuna ta har abada. Ƙasar Sin ta yi gwajin da ya fi kowanne girma. Tun 1963 ake sa 'yan makaranta tausar kewayen ido a aji, kullum, miliyoyin yara, har da kiɗan da ke ba su ƙidaya. Duk da haka alƙaluman hukumomin lafiyar ƙasar na 2018 sun nuna fiye da rabin yara da matasanta ba sa ganin nesa, a manyan ajujuwan sakandare kuwa kusan takwas cikin goma. In da atisaye na hana wannan larura, da a can za a fara gani.

Me ya sa to matasanmu ke rungumar bidiyo suna gudun tabarau? A nan ne nake ganin laifin namu ne, mu manya. 'Yar ƙanwata ta dawo hutu daga makaranta tana kukan ba ta ganin allo. Aka auna ta, aka rubuta mata gilashi. Uwarta ta same ni a zaure, ranta a ɓace. "Yaya, budurwa da tabarau? Gobe a ce makauniya ce, wa zai tako gidan nan? Kuma an ce in ta fara sawa idon ƙarasa mutuwa zai yi." Yarinyar na tsaye bakin ƙofa, sai ta ce a hankali, "Kawu, na ga wani atisaye a waya, bari in fara gwada shi tukun." Ba don ta yarda da atisayen ta faɗi haka ba. Hanya take nema da za ta ga allo ba tare da ta ɓata wa Innarta rai ba. Namiji ma bai tsira ba. In ya sa tabarau a ƙauye sai a ce boko ya hau masa kai, ko gayu yake ji.

Maganar cewa tabarau na kashe ido ta samo asali ne daga abubuwa biyu da mutane ke gani da idonsu, shi ya sa take da wuyar kankarewa. Na ɗaya, larurar kan ci gaba da ƙaruwa a shekarun girma har zuwa farkon shekaru ashirin, da tabarau ko babu, don haka in aka koma asibiti aka ƙara lamba sai a ce gilashin ne ya jawo. Na biyu, wanda ya saba da gani garau in ya cire tabarau sai hazon da ya rayu da shi shekara da shekaru ya zama abin da ba zai iya jurewa ba. An ma gwada ba yara gilashin da bai kai lambarsu ba, da tunanin kada ido ya sangarce. Binciken da aka yi a Malesiya aka wallafa a 2002 ya nuna idon waɗanda aka rage wa lambar ya fi saurin lalacewa. A yankunan karkara na yammacin Sin kuma, wani gwaji da aka buga a 2014 ya nuna yaran da aka ba tabarau kyauta sun fi takwarorinsu maki a lissafi.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai ba da tabarau ya riƙa faɗa, amma sau da yawa ba a faɗa. Kwanakin farko na sabon gilashi, abubuwa kan ɗan ƙanƙance, ƙasa ta yi kamar ta karkace, mutum ya ɗaga ƙafa zai hau dakali ya ga bai kai ba, har ya ɗan ji jiri. Wannan shi ne haɗin ido da kunnen da muka ambata yana sabon lissafi, kuma cikin 'yan kwanaki yake daidaita in ana sawa kullum. Matasa da yawa a nan suke yanke hukunci cewa gilashin bai karɓe su ba, su jefa shi ƙasan akwati. In jirin ya wuce mako biyu, a koma a sake duba lambar. Haka kuma tabarau na tebur a kasuwa, wanda dattawa ke saya don karanta Alƙur'ani, na ganin kusa ne. Matashin da ba ya ganin nesa in ya sa shi ƙara masa hazo zai yi.

Sai maganar tsada da nisa, wadda ba a kawar da ita da wa'azi. Mutumin Gumbin Kure da ke son a auna idon ɗansa sai ya yi kuɗin mota, ya bar gona ko kasuwa, wataƙila har Birnin Kebbi, sannan kuɗin gilashi, sannan ya sake komawa karɓowa. Bidiyo kuwa kyauta ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 kan 'yan shekara arba'in zuwa sama ya gano cewa rashin tabarau ga mai buƙatarsa ne kan gaba wajen jawo raunin gani mai sauƙi da matsakaici a Najeriya. Hankalin hukumomi da masu agaji ya fi karkata ga yanar ido da amodari, kuma da hujjarsu, don su ke makantarwa. Amma matashin da ke gani rabi da rabi ba ya cikin lissafin kowa, tunda bai riƙe sanda ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babur. Aliero ta yi suna da abu biyu, albasa da ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya gidajen maɗoran garin, kuma duk wanda ya leƙa ya san yawancin samarin da ke kwance da karan ɗori a ƙafa daga kan babur suka faɗo. Gudu da ganganci da ramukan hanya na da kasonsu babba. Sai dai ɗan kabu-kabun da ke ɗauko buhun albasa da magariba, fitilar tirela na haske masa fuska a hanyar Jega, in ba ya rarrabe rami da inuwa sai ya zo dab, to rayuwarsa da ta wanda ya goya suna hannun abin da gwajin minti biyar zai gano. Wannan saurayi babu juya idon da zai cece shi. Haka kuma wanda lambarsa ta yi yawa ya kamata ya san cewa tantanin bayan idonsa ya fi na kowa haɗarin yagewa. In ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo suka yawaita farat ɗaya, ko wani duhu ya rufe sashen ganinsa, asibiti zai nufa a ranar, ba tafin hannu zai ɗora a ido ba.

Wani zai ce ai larurar rashin ganin nesa ba ta yi yawa a wurinmu ba. Haka ne a yanzu. Ƙiyasin da aka tattaro daga bincike daban-daban ya nuna kusan yaro ɗaya cikin ashirin ne a makarantun Afirka. Amma masana sun yi hasashe a 2016 cewa zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da ita, kuma abin da ke kawo ta ya riga ya shigo mana: dogon zama a ɗaki da kallon abu dab da fuska. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, waya kuma ta isa hannun ɗan shekara biyar. Abin da aka tabbatar yana jinkirta larurar ga yara kuwa shi ne wanda ɗan ƙauye ke da shi a wadace, wato zama a waje cikin hasken rana. A birnin Guwanzu na Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kusan kashi 30 cikin ɗarinsu ne suka kamu, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan ta mayar da awa biyu a waje kullum manufar makarantunta tun 2010. Yaron da ke kora awaki ko ke bin babansa fadama yana samun wannan kariya ba da saninsa ba. Makarantun kuɗi da ke buɗewa a gidajen haya a Jega da sauran garuruwanmu, babu fili, tagogi ƙanana, yara a kulle daga safe zuwa la'asar sannan a wuce darasin yamma, su ne ya kamata iyaye su yi wa tambaya.

Ga ɗalibin da ya riga ya samu tabarau, ban hana shi hutar da ido ba. Ya ɗaga kai daga littafi bayan kowane minti ashirin ya kalli nesa, ya tashi ya miƙe, ya ɗago wayar zuwa saitin fuska maimakon ya kai fuskar wurin wayar. Wannan na rage gajiya da ciwon wuya, kuma ba ya cin ko sisi. In jiri ke damunsa, ko layuka na rabe masa biyu, likita ya duba shi ya tsara masa atisayen da ya dace da larurarsa. Abin da nake ƙi shi ne a ba shi atisaye a madadin awo.

Awon kuma ba gagara ba ne. Allon haruffan da likitan ido Herman Snellen ya ƙirƙiro a Holan a 1862 takarda ce da ake mannawa a bango, mutum ya tsaya mita shida, ya rufe ido ɗaya ya karanta. Akwai irinsa mai alama guda da ke fuskantar sama ko ƙasa ko gefe, don wanda bai yi boko ba ya nuna da yatsa. Jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, na karɓar sababbin ɗalibai kowace shekara. Duk wanda zai yi rajista ya tsaya gaban wannan allo, wanda ya kasa a haɗa shi da mai auna lamba, a kuma nemo masa gilashi a farashin da ɗan manomi zai iya biya. Ɗaliban kwalejin Jega da ake turawa aikin koyo a asibitocin karkara za su iya tafiya da allon a jaka, su auna 'yan sakandaren Maiyama da Aliero aji aji. Shugabannin 'yan kabu-kabu su gayyace su tasha ranar kasuwa. Limamai da masu unguwanni kuma su faɗa wa iyaye mata a fili cewa yarinya mai tabarau ba makauniya ba ce, kuma gilashin ba ya cin ido.